Shin alƙalan wasan NBA suna son kai ne, ko kuwa usur ɗin ne ba ya tsayawa wuri ɗaya?

"Assalamu alaikum. Ina tashi cikin dare ina kallon ƙwallon kwando na gasar NBA ta Amurka, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne alƙalanci. Taɓawar da za a hura wa babban ɗan wasa usur a kanta, idan ƙaramin ɗan wasa aka yi wa sai a kau da kai. Wata rana ƙungiya ɗaya ta samu jifan kyauta talatin, ɗayar goma sha biyu. Shin shirya wasannin nan ake yi, ko akwai abin da ban gane ba a dokar?"

Wa alaikumus salam. Malam, tambayoyi biyu ka haɗa wuri guda, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Ta farko: ana karkatar da wasa da gangan don wata ƙungiya ta ci? Ta biyu: laifi iri ɗaya yana samun hukunci iri ɗaya a kowane dare, a kan kowane ɗan wasa? A ta farko, hujjar da ke hannu ta tabbatar da alƙali guda da ya ci amana, ba ta tabbatar da cewa hukumar gasar tana rubuta sakamako ba. A ta biyu kuwa kana da gaskiya, hukuncin ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma akasarin abin da ke ɓata maka rai daga nan yake fitowa.

Abin da doka ta bar wa idon alƙali

Mutane da yawa suna ɗauka duk taɓawa laifi ce. Ba haka ba ne. Manyan mutane goma, da yawansu sun haura mita biyu, suna guje-guje a fili mai tsawon ƙafa 94 da faɗin ƙafa 50. Da za a hura usur a kan kowace gogayya, da ba a gama zango ɗaya cikin huɗun wasan ba kowa ya cika laifinsa shida ya fita. Don haka abin da ake koya wa alƙalin NBA shi ne ya duba ko taɓawar ta shafi ɗaya daga abu huɗu a jikin wanda aka taɓa: tsarin takunsa, gudunsa, daidaiton tsayuwarsa, da zafin namansa. In ta shafa, laifi ne. In ba ta shafa ba, wasa ya ci gaba.

To ka ga inda ƙofar take. Hannun da zai karkatar da siririn ɗan wasa mai kilo 80 ba zai ko motsa Giannis Antetokounmpo ba. Taɓawa ɗaya ce, amma a doka ɗaya laifi ce, ɗayar ba laifi ba. Wannan ya sa ƙarfafan 'yan wasa irin su Shaquille O'Neal a zamaninsa suka riƙa kukan ana dukansu ba a hurawa, su kuma masu tsaronsu suna kukan ana banke su ba a hurawa, kuma dukkansu suna da abin kamawa.

Hukunci mafi wuya a wasan shi ne rarrabe wanda ya banke da wanda ya tare hanya. Mai tsaro yana da haƙƙin wurin da ya riga ya tsaya, matuƙar ya kafa jikinsa yana fuskantar mai ƙwallo kafin shi mai ƙwallon ya fara yunƙurin tashi sama. In ya makara ko da ƙiftawar ido ce, laifin nasa ne. Ga kuma rabin da'irar da aka zana a ƙarƙashin kwando, mai nisan ƙafa 4, wadda aka shigo da ita a kakar 1997-98: mai tsaron da ya zo taimako ba zai tsaya a cikinta ya ce an banke shi ba, ko da diddigensa ne kawai a kan layin. Amma in ya yi tsalle sak, hannuwa a sama, bai karkato gaba ba, gogayyar halal ce. Wato a cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya alƙali zai duba ƙafa, ya duba ƙirji, ya duba hannu, ya tuna wa ya fara tashi. Alƙalai biyu nagari za su iya saɓawa a nan ba tare da ɗayansu ya yi son kai ba.

Haka batun tafiya da ƙwallo, wanda masu kallo suka fi yi wa ihu. Ba a fara ƙirga taku sai ɗan wasa ya tattara ƙwallon a hannunsa, wato ya daina buga ta a ƙasa ya riƙe. Takun da yake kai a lokacin tattarawar ba ya cikin lissafi, bayansa yana da taku biyu. FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta rubuta wannan a dokarta a 2017, NBA ta fayyace nata rubutun a 2019. Abin da kake gani kamar taku uku, sau da yawa halal ne. Amma a nan ba zan wanke alƙalai tas ba: ɗaga ƙafar da aka kafa kafin a saki ƙwallo, da tallabe ƙwallo daga ƙasa lokacin bugawa, ana barin su suna wucewa fiye da kima, kuma manyan 'yan wasa ne suka fi cin moriyar hakan domin su ne ƙwallo ta fi daɗewa a hannunsu.

Inda alƙali yake tsaye

Alƙalai uku ke hura kowane wasa tun kakar 1988-89. Ɗaya yana bayan layin ƙarshe kusa da kwando, yana lura da cunkoson ƙarƙashin kwando. Ɗaya yana gefe daidai layin jifan kyauta. Na ukun yana baya, wajen da'irar maki uku, a ɓangaren da na ƙarƙashin kwandon yake. Kowa da yankinsa, kuma idan ƙwallo ta koma ɗaya ɓangaren sai su juya su sauya matsayi. Abin da kowannensu yake nema shi ne ya ga tsakanin jikin mai ƙwallo da na mai tsaro. Da zarar mutum biyun sun yi layi ɗaya da idonsa, bayan ɗaya kawai yake gani, hannun da ya daki damtse ya ɓace masa.

Yawancin kurakuran da ake dangantawa da mugun nufi a nan ake haifarsu: juyawar da aka makara, ko harin gaggawa da ya bar alƙali a baya, ko alƙalin da ke da kyakkyawan gani ya yi shiru don abin ba a yankinsa ya faru ba. Idan bai gani ba, sai ya koma karanta alama, kai ya wuntsila baya, ko ihu, ko faɗuwa. 'Yan wasa sun san haka, shi ya sa faɗuwar ƙarya ta zama sana'a har sai da aka mai da ita laifin da ake hukuntawa nan take da jifa ɗaya a kakar 2023-24.

Dubi daren 28 ga Janairu, 2023, a Boston. Lakers da Celtics suna 105 da 105, LeBron James na Lakers ya kutsa zai ajiye ƙwallo a daƙiƙar ƙarshe, Jayson Tatum na Celtics ya doke shi a hannu ƙarara. Ba a hura ba. Patrick Beverley na Lakers har kyamarar mai ɗaukar hoto ya karɓo ya nuna wa alƙali, aka ba shi laifin rashin ɗa'a. Celtics suka ci 125 da 121 a ƙarin lokaci, alƙalan kuma suka amsa kuskurensu a daren. Ka riƙe wannan misalin da kyau, domin wanda aka zalunta shi ne ɗan wasan da ya fi kowa suna, a ƙungiyar da aka fi zargin ana fifitawa.

Son kan da aka tabbatar

Zargin bai faɗo daga sama ba. A 2007 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka ta gano cewa Tim Donaghy, alƙalin da ya shekara 13 a gasar, yana caca a kan wasanni har da waɗanda shi yake hurawa, yana kuma ba 'yan caca bayanan sirri. Ya amsa laifi, aka yanke masa wata 15 a kurkuku a 2008. Binciken da NBA ta sa lauya Lawrence Pedowitz ya yi bai samu wani alƙalin da irin wannan laifi ba. Tun daga lokacin ake bayyana sunayen alƙalan kowane wasa da safiyar ranar, don kada sanin wanda zai hura ya zama hajar sayarwa.

Donaghy ne kuma ya yi zargin an karkatar da wasa na shida na jerin wasannin fitar da zakara tsakanin Lakers da Sacramento Kings a 2002, wanda Lakers suka yi jifan kyauta 27 a zangon ƙarshe kaɗai, Kings suka yi 9, aka tashi 106 da 102. Kwamishinan gasar na lokacin, David Stern, ya ƙaryata, kuma ba a tabbatar da zargin ba. Wanda ya sake kallon wasan zai ga alƙalanci maras kyau ƙwarai. Daga mummunan alƙalanci zuwa umarni daga sama akwai tazara, kuma bidiyo kaɗai ba ya cike ta.

Abin da ya fi wannan amfani a wurina shi ne son kan da alƙali ke yi bai sani ba, domin shi an auna shi. Masana tattalin arziki biyu, Joseph Price da Justin Wolfers, sun bi alƙaluman kakanni 13, daga 1991 zuwa 2004, suka samu cewa ana hura wa ɗan wasa laifi kaɗan fiye da kima, har zuwa kashi 4 cikin ɗari, idan alƙalan ba launin fatarsa ba ne. NBA ta musanta da ƙarfi lokacin da labarin ya fito a 2007. Da aka sake aunawa a shekarun da suka biyo bayan hayaniyar, sai aka tarar bambancin ya ɓace. Wani binciken da Price ya yi da abokan aikinsa ya nuna usur yana ɗan karkata ga masu masaukin baƙi, da ƙungiyar da ake ci. Karkatar ƙarama ce, ba ta kai ta mai da rago zakara ba, amma a wasan da maki ɗaya ke rabawa, ƙarami ma babba ne.

Batun manyan 'yan wasa da ratar jifan kyauta

Ratar talatin da goma sha biyu da ka ambata, ita kaɗai ba hujja ba ce. Jifan kyauta yana bin salon wasa. Ƙungiyar da ke kutsawa ƙarƙashin kwando tana jawo laifi. Wadda ke harbi daga nesa sau arba'in a dare ba ta ba mai tsaro dalilin taɓa ta. Shi ya sa Stephen Curry, duk girman sunansa, bai cika zama cikin waɗanda suka fi yawan jifan kyauta ba, Giannis kuwa kusan kullum yana sahun gaba. Ƙara da wannan: daga laifi na biyar na ƙungiya a zango, kowane laifin tsaro jifa biyu ne, don haka ƙungiyar da ta cika laifinta da wuri za ta sha jifa har zangon ya ƙare. Sannan a mintin ƙarshe wadda ake ci tana yin laifi da gangan don tsayar da agogo, wannan kaɗai kan ƙara wa ɗaya ɓangaren jifa shida ko takwas. Doka ba ta ce a raba jifa daidai ba, alƙalin da ke ƙoƙarin daidaita lissafi ma shi ne mai laifi.

Duk da haka akwai darare da ratar ke da wuyar karewa. A wasa na biyar na ƙarshen gasar 2006, Dwyane Wade na Miami shi kaɗai ya yi jifa 25, daidai da abin da ƙungiyar Dallas gaba ɗayanta ta samu, kuma ya yi 97 a wasanni shida. Wade yana kutsawa ba ji ba gani, wannan gaskiya ne, amma an hura masa taɓawar da ba a hura wa wasu ba.

A ganina fifikon manya yana nan, sai dai ba a inda aka fi nemansa ba. Yana cikin hukuncin da ke kan iyaka, wanda ko an hura ko ba a hura ba za a iya kare shi: alƙali ya san salon tsohon ɗan wasa, ya ga wannan motsin sau ɗari, sai ya ba shi uzuri, sabon yaro kuwa bai samu wannan shaidar ba tukuna. Yana kuma cikin laifi na biyar da na shida, inda hannu kan yi nauyi kafin a fitar da wanda dubban mutane suka biya kuɗi don su gani. Ga kuma haƙurin da ake yi da bakin wasu. Alƙalai mutane ne masu zuciya: a 2007 an dakatar da Joey Crawford bayan ya kori Tim Duncan daga wasa saboda dariya a benci, kuma ƙungiyoyin Chris Paul sun sha kashi sau fiye da goma a jere a wasannin fitar da zakara da Scott Foster ya hura. Wannan jerin bai tabbatar da komai ba a lissafi, amma hukumar da ta san akwai tsama tsakanin mutum biyu ta ci gaba da haɗa su, ita ta jawo wa kanta zargi.

Idan hukuma ta matsar da layin

Babban tushen rashin daidaito, wanda masu kallo ba su cika lura da shi ba, shi ne ofishin gasar kansa. Kowace kaka akwai abubuwan da ake ce wa alƙalai su matsa a kai. A 2004-05 aka tsananta hana ɗora hannu a jikin mai ƙwallo nesa da kwando, maki suka hau. A 2021-22 aka daina ba mai harbi laifi idan shi ya jefa jikinsa kan mai tsaro ko ya maƙale masa hannu, salon da James Harden da Trae Young suka shahara da shi, jifansu ya ragu a farkon kakar. A 2022-23 aka ƙara hukuncin laifin da ake yi da gangan don kashe harin gaggawa, ya zama jifa ɗaya da riƙe ƙwallo. Waɗannan an sanar da su, babu laifi. Matsalar ita ce matsawar kan yi zafi a Oktoba da Nuwamba, ta yi sanyi kafin Maris.

Wanda ya fi damuna shi ne na kakar 2023-24. Bayan hutun tsakiyar kaka, ba tare da an sauya harafi ɗaya a littafin doka ba, aka fara barin gogayya tana wucewa, jifan kyauta da maki suka faɗi a duk gasar. Ranar 9 ga Afrilu, 2024, Celtics suka buga wasa cikakke da Milwaukee Bucks ba su yi jifan kyauta ko ɗaya ba, Bucks suka yi biyu, abin da ba a taɓa gani ba. Wasan da aka samu bayan sauyin ya fi daɗin kallo a wurina, amma ƙungiyar da ta gina 'yan wasanta a kan usur ɗin Disamba ta wayi gari da wani usur a Maris. Irin wannan sauyin ne kuma ke faruwa duk shekara idan an shiga wasannin fitar da zakara.

In kana kallon gasar BAL ta Afirka ko wasannin D'Tigers, ƙungiyar ƙasa ta Najeriya, kada ka auna su da ma'aunin NBA. Can dokar FIBA ce: minti 40 maimakon 48, laifi biyar ke fitar da mutum, mai tsaro zai iya zama ƙarƙashin kwando ba a ƙirga masa daƙiƙa uku ba, kuma ana iya share ƙwallo daga kan ƙarfen kwando bayan ta taɓa shi.

Gyaran da aka yi, da inda ya tsaya

An fara duba bidiyo a 2002-03, aka buɗe cibiyar duba bidiyo a Secaucus da ke jihar New Jersey a 2014. Tun 2019-20 koci yana da damar ƙalubalantar hukunci sau ɗaya, sai ya kira hutu tukuna, kuma daga 2023-24 idan ya yi nasara a na farko yana samun na biyu. Amma usur ɗin da aka hura kawai ake ƙalubalanta: laifin da aka ɗora wa ɗan wasansa, ko fitar ƙwallo, ko taɓa ƙwallo tana gangarowa kwando. Laifin da aka yi shiru a kansa, irin na Tatum, ba shi da ƙofa.

Tun Maris 2015 kuma NBA tana fitar da rahoton minti biyun ƙarshe washegarin duk wasan da ya yi kusa, yanzu wanda ratarsa ta kai maki uku ko ƙasa. Ana bin kowane hukunci a ce daidai ne ko kuskure, har da inda aka yi shiru. Ƙungiyar alƙalai ta nemi a soke shi a 2016. Ina ganin barinsa ya fi, amma minti biyu ne cikin 48, kuma ba ya mayar da komai. Ranar 12 ga Fabrairu, 2024, aka hura wa Jalen Brunson na New York Knicks laifi a kan Aaron Holiday saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya, Houston suka ci 105 da 103, shugaban alƙalan Ed Malloy ya amsa cewa kuskure ne. Knicks suka shigar da ƙara aka yi watsi da ita, domin ƙara tana cin nasara ne kawai idan an yi amfani da doka ba daidai ba, ba idan ido ya yi kuskure ba. A kakar 2007-08 an karɓi irin wannan ƙara, lokacin da aka fitar da Shaquille O'Neal da laifi shida alhali biyar gare shi, aka sake buga daƙiƙa 51.9 na ƙarshe tsakanin Miami da Atlanta bayan wata biyu da rabi.

Ana auna aikin kowane alƙali a kowane wasa, kuma da wannan ake zaɓen 36 da za su fara wasannin fitar da zakara har a tace su zuwa 12 na zagayen ƙarshe. Sai dai sakamakon awon a rufe yake. Hukumar da ke ɗaukar alƙalai ita ke auna su, ita ke cin tarar kocin da ya soke su, ita ce kuma ke samun ƙarin kuɗi idan karawar fitar da zakara ta ja har aka kai wasa na bakwai, na ƙarshe. Ko da hannunta tsaf yake, tsarin bai ba ta hanyar nuna hakan ba. Da za a fitar da rahoton wasa gaba ɗaya, a sanar da duk wani sabon umarni ga alƙalai ranar da aka ba da shi, a kuma ba wani ɓangare mai zaman kansa damar duba awon, da rabin zargin ya mutu.

Yadda za ka gwada da kanka

Ka zaɓi wasan da ba ka goyon bayan kowa a ciki, domin idon mai goyon baya laifin da aka yi wa nasa kawai yake gani. Ka ɗauki nau'in gogayya ɗaya tak, misali hannun mai tsaro a ƙugun mai kutsawa. A minti shida na farko ka lura da inda alƙalan suka ja layi, me suka hura, me suka bari. Daga nan ka riƙa rubuta duk lokacin da irin wannan gogayyar ta faru a kowane kwando, da zangon, da sunan wanda aka yi wa, da ko an hura. Ka cire laifukan gangan na mintin ƙarshe daga lissafin jifa, ka kuma kwatanta jifan kowace ƙungiya da yawan harbinta daga kusa da kwando. Idan an maimaita bidiyo, kada ka tsaya kan wanda aka rage wa gudu, yana mai da shafa ta zama duka. Ka nemi inda alƙalin da ya hura yake tsaye, ka tambayi kanka ko yana ganin tsakanin jikin mutum biyun. Wasa ɗaya ba ya isa a yanke hukunci a kan alƙali, sai ka bi shi wasa goma ko fiye, kuma sunayen masu hurawa suna fitowa a shafin alƙalanci na NBA da ƙarfe 9 na safe agogon gabashin Amurka, wato ƙarfe biyu ko uku na rana agogon Najeriya da Nijar, gwargwadon lokacin shekara.